Kakar 2025: shekarar da gasar ƙwallon Sudan ta bar Umdurman

A watan Yulin 2025 Al-Hilal ta lallasa Al-Merrikh da ci 4 da nema, ta ɗauki kofin gasar ƙwallon ƙafa ta Sudan. Wanda ya ga sakamakon kaɗai zai ce ba sabon labari ba ne, tunda waɗannan ƙungiyoyi biyu na birnin Umdurman su ke ta musayar kofin tun shekarun 1960. Sabon abin shi ne wurin da aka taka ledar. Ba a filin Hilal aka yi ba, ba kuma a na Merrikh ba. A jihar Nahr an-Nil aka yi, can arewa da Khartum, bayan fiye da shekara biyu ba a naɗa zakara a ƙasar ba.

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, daga Wad Madani zuwa Sinnar, Mai Wurno, Sinja har Damazin, wannan gasa tsohuwar abokiyar hira ce. Jama'ar nan sun daɗe a wurin. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903, shi ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai mahajjata masu tafiyar ƙasa suka yi ta yada zango don neman guzuri, da yawa kuma zangon ya zame musu gida. Jikokinsu sun tashi kamar kowane ɗan Sudan: ko dai Hilalabi ne mai shuɗiyar riga, ko Merrikhabi mai ja. Gida ɗaya sai ka tarar wa da ƙane sun rabu a kan haka.

Abin lura shi ne, duk wannan soyayya daga nesa ake yin ta, ta rediyo da talabijin. Jazira ba baƙuwar tamaula ba ce. A filin Wad Madani aka buga wasannin rukuni na biyu na Kofin Afirka na 1970, wanda Sudan ta ɗauka bayan ta doke Ghana da ci ɗaya mai ban haushi. Birnin yana da tsofaffin ƙungiyoyi irin su Al-Ahli da Al-Ittihad. Amma kofin gasar ƙasa bai taɓa kwana a can ba. Baya ga Hilal da Merrikh, Al-Mourada ta Umdurman ta taɓa ɗaukarsa, Burri ta Khartum ta ɗauka a 1969, sai Hilal ta Port Sudan a 1992, wadda ita kaɗai ce ta taɓa fitar da shi daga babban birni. A da, kuɗi, jaridu, manyan filaye da 'yan wasan waje duk suna babban birnin. Hatta 'yan Najeriya da suka yi suna a can, irin su Kelechi Osunwa, Stephen Worgu da marigayi Endurance Idahor wanda ya faɗi a fili a 2010, ƙungiyoyin nan biyu ne suka saye su. Yaron da ya iya ƙwallo a lardi, da zarar ya fara haskawa, motar Khartum zai hau.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF, ana tsakiyar kaka. Gasar ta tsaya cak. Da farko Wad Madani ce ta zama mafakar dubban ɗaruruwan mutanen da suka gudo daga Khartum, kafin ita ma ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023. Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024. Hausawan Shuɗin Nilu kuwa tun kafin nan suna cikin jimami, domin rikicin ƙabilanci na Yuli da Oktoban 2022 ya riga ya ci ɗaruruwan rayuka, ya kuma raba dubbai da gidajensu. A irin wannan hali wa ke ta ƙwallo?

Manyan biyun dai sun sami hanyar fita. Muritaniya ta buɗe musu ƙofa, suka shiga gasarta ta 2024 zuwa 2025 a matsayin baƙi. Hilal, a ƙarƙashin kociya Florent Ibenge ɗan Kongo, ta gama a saman tebur, ko da yake ƙungiyar Nouadhibou ce aka lissafa a matsayin zakarar ƙasar. Daga Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, Hilal ta kai zagayen 'yan takwas a gasar zakarun Afirka, inda Al-Ahly ta Masar ta fitar da ita. A nan ne yaƙin ya ƙara faɗaɗa ratar da take nan tun da. Hilal da Merrikh suna atisaye kullum, suna wasa kowane mako, ana biyan 'yan wasa. Ƙungiyoyin larduna kuwa 'yan wasansu sun watse, wasu a sansanin gudun hijira, wasu a ƙasashen maƙwabta.

Sojoji sun ƙwato Sinja a Nuwamban 2024, Wad Madani kuma ranar 11 ga Janairun 2025. Wata shida bayan haka hukumar ƙwallon Sudan ta tara ƙungiyoyi takwas a Atbara, tsohon birnin ma'aikatan jirgin ƙasa, da Damar da ke maƙwabtaka da ita, aka yi gasar da suka kira ta fitattu. Dalilin gaggawar ba ɓoyayye ba ne: hukumar ƙwallon Afirka, CAF, na jiran sunayen wakilan Sudan, kuma ƙasar da ba ta da gasa ba ta da hujjar zaɓen wakili. Kowa ya kara da kowa sau ɗaya, cikin ƙasa da mako uku, a zafin Yuli, a yankin da jirage marasa matuƙa suka kai wa hari 'yan watanni kafin nan. Duk da haka jama'a sun fito kallo.

A ganina, labarin kakar ba na Hilal ba ne, domin ƙungiyar da ta shekara tana wasa a waje in ta ci waɗanda suka shekara biyu suna gudu, ba abin a buga mata ganga ba ne. Labarin na Al-Ahli ta Wad Madani ne. Ƙungiyar da birninta ya yi sama da shekara guda a hannun mayaƙa, wadda magoya bayanta ke komawa gidajen da aka kwashe ƙaf, ita ce ta gama cikin huɗun farko, ta sami gurbi a Kofin Confederation tare da Al-Zamala ta garin Umm Ruwaba a Kordofan. Tafiyar ba ta yi nisa ba, Étoile du Sahel ta Tunisiya ta tare ta tun a zagayen farko, amma mutanen Jazira sun sake jin sunan garinsu a labaran wasanni maimakon labaran fagen daga.

'Yan Najeriya ma sun ɗanɗana abin da wannan kaka ta girka. A watan Agusta, a gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida, tawagar Sudan ta kociya Kwesi Appiah ɗan Ghana ta zura wa Najeriya huɗu ba ko ɗaya a Zanzibar, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Madagaska ta fitar da ita.

Dawowar gida ba ta ɗore ba. Kafin shekarar ta ƙare, Ruwanda ta amince ƙungiyoyin Sudan uku su shiga gasarta: Hilal, Merrikh da Al-Ahli ta Wad Madani. Biyun farko ne kaɗai suka buga a Kigali. Ta Jazirar ta janye.