Daga Dandalin Kwango Zuwa Filin Sukuwa: Asalin Bikin Bazara na New Orleans

Bazarar kudancin jihar Louisiana ta Amurka ba irin tamu ba ce mai hana barci a ɗaki. A can, daga Maris zuwa Mayu, sanyi ya janye, zafi bai kankama ba, guguwar teku kuma sai watan Yuni take fara barazana. Cikin wannan 'yar tazara kowane gari ke fito da abin da ya tanada. Lafayette na tara makaɗan ƙasashe masu magana da Faransanci, Breaux Bridge na bikin jatan landen fadama, Ponchatoula na bikin amfanin gonarta. Amma uwa ma ba da mama shi ne bikin kiɗan jaz da al'adun gargajiya na birnin New Orleans, wanda ake yi a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu. Wanda ya ga cincirindon yau zai zaci 'yan kasuwa ne suka ƙago shi don jawo baƙi. Hausawa kuwa sun ce tushiya mafarin dawa, kuma tushiyar wannan biki tana wani fili da bayi ke taruwa shekaru fiye da 200 da suka wuce.

Faransawa suka kafa New Orleans a 1718, shekara guda bayan haka jiragen bayi suka fara sauke mutane a yankin. Na farko-farko yawancinsu daga Senegal da Gambiya aka kwaso su, daga baya aka ƙaro na Kwango da gaɓar Benin, har ma a takardun cinikin zamanin ana cin karo da Hausawa jefi-jefi. Dokar bayi ta 1724 ta hana iyayengiji sa su aiki ranar Lahadi. Wannan rana ɗaya tilo suka mayar ta cin kasuwa, ta ganin 'yan uwa, ta kiɗa da rawa. A 1817, bayan yankin ya koma hannun Amurka, hukumar birnin ta ce ba a yarda su taru ko'ina ba sai a fili guda a bayan gari, wanda aka sani da Dandalin Kwango. An yi haka ne don a sa musu ido. Sai ga shi an haɗa Bambara da Bayarabe da mutumin Kwango a inuwa ɗaya, kowa na jin gangar ɗan uwansa.

Wani mai zanen gine-gine, Benjamin Latrobe, ya faɗa wa taron ba shiri a 1819. Daga nesa ya ɗauka dawakai ne ke tattaka daɓen katako. Da ya matso sai ya tarar da mutum 500 zuwa 600, an yi da'ira-da'ira ana rawa. Ya bayyana wani makaɗi da ya hau kan doguwar ganga yana dukanta da gefen hannu da yatsu, da wani tsoho tukuf mai kaɗa abin tsirkiya da aka yi da ƙwarya, an sassaƙa siffar mutum a ƙarshen sandarsa. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai gurmi ba zai ga baƙon abu a wannan bayani ba.

Kafin yaƙin basasar Amurka na 1861 taron ya dusashe, a 1893 kuma aka laƙaba wa filin sunan Beauregard, janar ɗin da ya yi yaƙi a ɓangaren masu riƙe da bayi. Kiɗan dai bai mutu ba, unguwanni ya shige. Baƙar fata sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna, ana zubi kamar adashe, in mutum ya kwanta ciwo a biya magani, in ya rasu a yi masa sutura, a ɗauko 'yan badujala su raka gawa. Dangi da makaɗa na gaba, jama'ar unguwa na biye suna taka rawa, su ne ake kira sahu na biyu. Daga irin wannan rakiya, da waƙoƙin coci, da kiɗan gidajen rawa, jaz ya fito a farkon ƙarni na 20, a birnin da aka haifi Louis Armstrong a 1901.

Sai dai birnin da ya haifi jaz ya daɗe bai iya yi masa biki ba. A 1962 manyan gari suka gayyaci George Wein, wanda ya kafa bikin jaz na Newport a 1954, ya zo ya shirya musu irinsa. Magana ta watse, domin dokokin wariya sun hana baƙi da fari hawa dandamali ɗaya ko sauka a otal ɗaya. Shi kansa Wein farar fata ne, matarsa Joyce baƙa ce, kuma dokar Louisiana ta lokacin ba ta san da aurensu ba. Sai da aka kafa dokar 'yancin jama'a ta 1964, aka ƙara 'yan shekaru ana kai-komo, sannan hanya ta buɗe.

A Afrilun 1970 aka yi bikin farko, a kan wancan fili na bayi. Wein ya ce ba taurari kaɗai yake so ba, yana son abinci da sana'o'in hannu da makaɗan lungu. Ya ɗauki matasa biyu, Quint Davis da Allison Miner, suka bi mashaya da coci-coci suna zaƙulo su. Kuɗin shiga dala 3 ne, waɗanda suka zo kuwa ba su wuce 350 ba. Duk da haka ranar ta shiga tarihi. Duke Ellington ya zo da sabon kiɗan da ya tsara wa birnin. Mahalia Jackson, sarauniyar waƙoƙin coci kuma haifaffiyar garin, ta ci karo da 'yan badujalar Eureka suna zagaya fili, ta karɓi makirfo ta bi su da waƙa ba tare da an tsara ba.

Abin da ya fi taɓa zuciya ya faru ne a shekara ta biyu. Akwai wani gwanin fiyano, Henry Roeland Byrd, da ake kira Professor Longhair, wanda manyan makaɗan birnin suka koyi salo a wurinsa. Duniya ta juya masa baya har ya koma sharar shagon sayar da faifai, ga talauci ga rashin lafiya. Matasan nan suka nemo shi, suka ɗora shi kan dandamali a 1971. Da ya fara kaɗawa, jama'a suka bar sauran makaɗa suka yo kansa. Daga ranar har rasuwarsa a 1980 bai sake ɓata ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan darasi ne ya zama ginshiƙin bikin.

A 1972 fili ya yi kaɗan, aka koma filin sukuwar dawaki na Fair Grounds. Girma ya zo da tasa rigima. A ƙarshen shekarun 1970 'yan gwagwarmaya baƙar fata suka tashi tsaye, suka ce al'adarsu ake sayarwa amma ba su da ta cewa, ba su da rumfa a kasuwar. Matsinsu ya sa a 1979 aka ware sashe na kayan Afirka da kiɗanta mai suna Koindu, wanda daga baya ya karɓi sunan Dandalin Kwango. A 2001, shekarar cikar Armstrong 100 da haihuwa, mahalarta sun haura dubu 600.

Sai guguwar Katrina ta Agustan 2005, wadda ta nutsar da kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, ta tarwatsa makaɗa zuwa Houston da Atlanta. Mutane da dama sun fid da rai. Amma bazara na zagayowa aka buɗe ƙofa a 2006, maƙwabtan da suka rabu wata takwas suka haɗu a gaban dandamali suna rungumar juna da hawaye. Annobar korona ce kaɗai ta iya tsayar da bikin, a 2020 da 2021.

Yau tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, mazauna birnin da yawa na kukan an fi ƙarfinsu, kuma kukansu na kan hanya. Gidauniyar da ta mallaki bikin tana mayar da wani abu ta hanyar gidan rediyon WWOZ da makarantar koyar da yara kiɗa kyauta. Amma ran bikin yana hannun irin mutanen da ake kira Indiyawan Mardi Gras, baƙar fata masu aikin ƙarfi waɗanda ke kwashe shekara guda suna ɗinka tufafin duwatsu da gashin tsuntsu da allura da zare, don girmama 'yan asalin ƙasar da suka ɓoye bayi masu gudu. Suna cikin waɗanda suka yi jerin gwano a 1970, har yau kuma suna fitowa, kowace shekara da sabon ɗinki. A 2011 hukumar birnin ta cire sunan janar ɗin, ta mayar wa filin sunansa na Dandalin Kwango. Har yanzu, in Lahadi ta yi, akwai masu ɗaukar ganguna su nufi can.