Tauraron Atlantika da Tauraron Burma: Ina Ruwan Kafanchan da Teku?

Jama'a, mu mutanen Kafanchan ba mu da teku, to me ya haɗa mu da lambar yabon mayaƙan ruwa? Tashar jirgin ƙasa ce ta haɗa mu.

Tun 1927 garinmu ya zama mahaɗar layin dogo na Fatakwal da Kaduna da Jos. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, sai Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, ta juyo kan ta Jos. Aka shiga diban gwamna, ana kwasar mutane a kai su haƙa ala tilas. Kuzar nan ta Kafanchan take bi zuwa Fatakwal, a loda ta a jiragen ruwa. Jiragen kan taru a Firitawun ta Saliyo su tafi ayari guda, saboda jiragen Jamus na ƙarƙashin teku suna nutsar da su.

Saboda wannan haɗari aka fito da lambar da ake kira Tauraron Atlantika. Ana ba da ita ga sojan ruwa da matuƙan jiragen kaya da suka yi wata 6 a teku, tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 8 ga Mayu 1945. Tauraro ne mai tsini 6, ƙyallensa shuɗi da fari da kore, kalar ruwan teku.

Lambar da muka fi sani kuwa ita ce Tauraron Burma. Sojan ruwan da suka yi aiki a Tekun Bengal sun samu, haka ma kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda jiragen ruwa suka kai Indiya a 1943 da 1944. Su ne suka kama Myohaung a Janairun 1945. Hausawa da Bajju da Atyap da sauran ƙabilu duk sun sa kaki ɗaya, Hausa ce kuma harshen bariki.

Sai dai akwai matsala. Mafi yawan taurarin nan Ingila ba ta buga sunan mai su a jiki ba. In dattijo ya rasu, 'ya'ya suka watse, shi ke nan, lamba ta zama tagulla kawai, wata ma a sayar wa 'yan gwangwan.

Don haka muna roƙon duk gidan da ke da irin wannan lamba a adaka, a rubuta sunan mai ita da lambarsa ta soja da bataliyarsa, a ajiye tare da takardar sallamarsa. Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.