Tarihin Fina-finan James Bond: Jarumai Shida da Sauyin Salo

James Bond, mai lambar aiki 007, ƙagaggen ɗan leƙen asirin Birtaniya ne, kuma jerin fina-finansa na cikin waɗanda suka fi daɗewa a tarihin silima. Daga 1962 zuwa 2021 kamfanin Eon Productions ya fitar da fim 25 a kansa, mutum shida suka hau matsayin: Sean Connery, George Lazenby, Roger Moore, Timothy Dalton, Pierce Brosnan da Daniel Craig. Akwai wasu biyu da ba na Eon ba, wato Casino Royale na barkwanci (1967) da Never Say Never Again (1983). Abin da ya raya jerin tsawon wannan lokaci shi ne yadda masu shirya shi ke sauya jarumi da salo duk sa'ad da zamani ya juya, suna riƙe da 'yan abubuwan da mai kallo ke gane Bond da su: lambar 007, kiɗan buɗewa, kwat da wando, da hoton nan da ake leƙo jarumin ta cikin bakin bindiga.

Asali

Ian Fleming (1908–1964) ne ya ƙirƙiro Bond. Ya yi aiki a sashen leƙen asiri na rundunar sojan ruwan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙi kuma ya gina gida a Jamaika, inda ya rubuta littafin farko, Casino Royale, wanda ya fito a 1953. Sunan ma aro ya yi daga wani Ba'amurke masanin tsuntsaye. Fleming ya bar littattafan labari 12 da kundi biyu na gajerun labarai. Bond ɗin littafi mutum ne mai ƙarancin fara'a, mai yawan shan taba da giya, wanda kisan da yake yi ke damun zuciyarsa. Wanda ya fara fitowa a matsayinsa shi ne Barry Nelson, a wani shirin talabijin na Amurka a 1954, inda aka mai da shi Ba'amurke.

A 1961 Albert R. Broccoli da Harry Saltzman suka haɗa hannu suka kafa Eon, kamfanin United Artists ya sa kuɗi.

Connery da aza harsashi (1962–1971)

An yi Dr. No (1962) da kimanin dala miliyan ɗaya, kuɗin da bai isa a ɗauko fitaccen tauraro ba. Aka ɗauko Sean Connery, ɗan talakawa daga birnin Edinburgh na Sikotland, wanda ya taɓa rarraba madara gida-gida. Darakta Terence Young ne ya kai shi wurin telansa, ya koya masa tafiya da zama irin na 'ya'yan manya. Fleming bai gamsu da zaɓin ba da farko, amma daga baya ya ba Bond asalin Sikotland a littafinsa.

Yadda aka gabatar da shi ya nuna salon da za a bi. A gidan caca, kyamara ta fara da hannuwansa da katin da ke gabansa, ana jin muryarsa ba a ganin fuska, sai da ya kunna taba sannan aka ɗago aka nuna shi yana faɗin sunansa. Kiɗan da Monty Norman ya tsara, John Barry ya gyara, ya biyo baya. Hoton bakin bindiga aikin Maurice Binder ne, kuma a fina-finai uku na farko ba Connery ba ne ke tafiya a cikinsa, Bob Simmons ne, mai yi masa wasannin kasada.

From Russia with Love (1963) labarin leƙen asiri ne zalla na zamanin Yaƙin Cacar Baka. Goldfinger (1964) ne ya kafa tsarin da aka yi ta maimaitawa: ɗan taƙaitaccen artabu kafin a rubuta suna, waƙa mai ƙarfi, mugun attajiri da ɗan korensa mai ban tsoro, da mota Aston Martin DB5 mai bindigogi, mai lambar da ke juyawa, da kujerar da ke cilla fasinja sama. Daga nan kowane fim sai ya nemi ya fi na baya girma. A You Only Live Twice (1967) mai tsara wurare Ken Adam ya gina maɓoyar mugu a cikin dutse mai aman wuta, a sutudiyon Pinewood. Connery ya gaji da 'yan jarida da saɓani kan kuɗi, ya ajiye aikin.

Lazenby, fim ɗaya tak (1969)

George Lazenby ɗan Ostireliya ne mai tallan kaya, bai taɓa jan fim ba. On Her Majesty's Secret Service, wanda Peter Hunt ya ba da umarni, ya rage na'urori ya koma kusa da littafi. Bond ya kamu da son Tracy, wadda Diana Rigg ta fito a matsayinta, ya aure ta, aka harbe ta a mota ranar ɗaurin auren. Lazenby ya ƙi sa hannu a kan wani fim tun kafin wannan ya fito. Fim ɗin bai kawo kuɗi kamar na Connery ba, amma yau masu sharhi da yawa na sa shi a sahun gaba. United Artists ta lallaso Connery da dala miliyan 1.25 ya dawo ya yi Diamonds Are Forever (1971), ya zuba kuɗin a gidauniyar ilimi ta Sikotland. Fim ɗin ya karkata ga raha, ya share wa na gaba hanya.

Moore da zamanin raha (1973–1985)

Roger Moore ya zo da sunan da ya yi a shirin talabijin The Saint. Ya yi fim bakwai, adadin da ba wanda ya kai a Eon. Bond ɗinsa mai ɗaga gira ne da ba'a, wanda ko a tsakiyar faɗa kwalarsa ba ta karkacewa. A zamaninsa jerin ya koma bin abin da kasuwa ke yayi. Live and Let Die (1973) ya bi sahun fina-finan baƙaƙen fatar Amurka, The Man with the Golden Gun (1974) ya shigo da faɗan kunfu, Moonraker (1979) kuma ya kai Bond sararin samaniya saboda nasarar Star Wars. A 1975 Saltzman ya sayar da kasonsa, Broccoli ya ci gaba shi kaɗai.

The Spy Who Loved Me (1977) ne ƙololuwar wannan salo. A buɗewarsa Bond ya zamo kan dusar ƙanƙara ya faɗa daga bakin tsauni, kiɗa ya ɗauke, ya yi ta faɗowa har aka ɗauka ta ƙare, sai laima ta buɗe da tutar Birtaniya. Rick Sylvester ne ya yi tsallen da gaske a tsibirin Baffin na Kanada. A fim ɗin ne kuma mota Lotus ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa.

Bayan Moonraker masu shiryawa sun ga an wuce gona da iri. A For Your Eyes Only (1981) tun da wuri aka tarwatsa Lotus ɗin, Bond ya tsere a wata 'yar ƙaramar Citroën ruwan ɗorawa. Octopussy (1983) an ɗauki sashe babba nasa a Udaipur ta Indiya, tare da Kabir Bedi da ɗan wasan tenis Vijay Amritraj. A shekarar ce Connery ya dawo a Never Say Never Again, wanda ya samo asali daga shari'ar Kevin McClory kan haƙƙin labarin Bond mai suna Thunderball. Moore ya yi na ƙarshe, A View to a Kill (1985), yana da shekara 57.

Dalton da komawa littafi (1987–1989)

Pierce Brosnan aka fara zaɓa a 1986, sai kwantiraginsa na shirin Remington Steele ya riƙe shi. Timothy Dalton, gogaggen ɗan wasan daɓe, ya karɓa da niyyar dawo da Bond ɗin Fleming, mai ɗaure fuska da gajiya da aikinsa. The Living Daylights (1987) ya samu karɓuwa. Licence to Kill (1989), inda Bond ya bijire wa shugabansa don ɗaukar fansa a kan dillalin hodar iblis, ya yi wa masu kallon lokacin tsauri, kuma bai yi kasuwa a Amurka ba. Rikicin shari'a tsakanin masu haƙƙin Bond da kamfanin MGM ya tsayar da jerin shekara shida, Dalton ya janye a 1994.

Brosnan bayan rushewar Sobiyet (1995–2002)

Kafin a dawo, katangar Balin ta faɗi, Tarayyar Sobiyet ta wargaje, aka fara tambayar ko Bond na da sauran amfani. GoldenEye (1995) na Martin Campbell ya sa tambayar a cikin labarin kansa. An ba Judi Dench matsayin M, shugabar Bond, bayan Stella Rimington ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar MI5 a 1992, kuma M ta gaya wa Bond a fuska cewa shi tsohon yayi ne. Broccoli ya rasu a 1996, 'yarsa Barbara Broccoli da agolansa Michael G. Wilson suka gaje shi.

Brosnan ya haɗa kwarjinin Connery da rahar Moore. Mugayen sun sauya: mai kafafen yaɗa labarai a Tomorrow Never Dies (1997), rikicin bututun mai a The World Is Not Enough (1999). Die Another Day (2002) ya kawo kuɗi, amma motarsa mai ɓacewa da yawan aikin kwamfuta sun jawo suka, musamman da The Bourne Identity ya fito a shekarar da faɗa mai kama da gaske.

Craig da sabon zubi (2006–2021)

Da aka sanar da Daniel Craig a watan Oktoba 2005, jaridu da magoya baya sun yi ca, wai gashinsa fari-fari ne kuma bai kai na baya tsawo ba. Casino Royale (2006) ya rufe bakin masu suka. An soma labarin daga tushe, lokacin da Bond ke neman lambarsa. Buɗewar baƙi da fari ce, da dambe a banɗaki, ana fasa tangaran ana shaƙe wuya, Bond na haki. Babu Q mai ƙera na'urori, babu Moneypenny sakatariyar M, kuma jarumin yana zubar da jini yana kwanciya a asibiti.

A karon farko fina-finan suka zama labari ɗaya mai ci gaba: Quantum of Solace (2008), Skyfall (2012), Spectre (2015) da No Time to Die (2021). Skyfall na Sam Mendes ya haura dala biliyan ɗaya, wanda ba wani fim na Bond da ya kai. Waƙoƙin Adele, Sam Smith da Billie Eilish sun ci kyautar Oscar a jere. No Time to Die, wanda annobar korona ta ɗage daga Afrilu 2020, ya karya ƙa'idar da masu kallo ke faɗa cewa akta ba ya mutuwa: an kashe Bond a ƙarshensa.

Abokan aiki da mata

Yayin da fuskar Bond ke sauyawa, na kusa da shi ne suka riƙe zaren. Bernard Lee ya yi M a fim 11, Lois Maxwell ta yi Moneypenny a 14, Desmond Llewelyn ya yi Q, mai ƙera na'urori, a 17, daga 1963 zuwa 1999, ya yi aiki da jarumai biyar. A Skyfall aka sabunta su duka: Ben Whishaw matashin Q masanin kwamfuta, Naomie Harris baƙar fata ta farko a matsayin Moneypenny, Ralph Fiennes sabon M. An daɗe ana sukar jerin da mai da mata kayan ado. Michelle Yeoh a 1997 da Halle Berry a 2002 sun fito a matsayin jami'ai takwarorinsa, a 2021 kuma Lashana Lynch ta riƙe lambar 007 bayan Bond ya yi ritaya.

Afirka a cikin jerin

An ɗauki The Spy Who Loved Me a Masar, a dalar Giza da Karnak da Abu Simbel kusa da iyakar Sudan. Birnin Tanja na Maroko ya fito a The Living Daylights da Spectre. A Casino Royale ɗan Kwaddebuwa Isaach de Bankolé ya fito a matsayin madugun 'yan tawaye a Yuganda, Rami Malek mai asalin Masar kuma shi ne bos a No Time to Die. Shirley Bassey, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ita kaɗai ta rera waƙar buɗewa sau uku, a 1964 da 1971 da 1979. Duk da haka, galibi Afirka fagen artabu ce kawai a fina-finan, ba a cika ba 'yan ƙasa magana ba. An shafe shekaru ana raɗe-raɗin ba Idris Elba matsayin Bond, ɗa ga Basaliyo da 'yar Gana, amma hakan bai tabbata ba.

Halin da ake ciki

Tarihin jerin ya nuna tsari guda: duk sa'ad da na'urori da raha suka yi yawa, sai a ja linzami a koma ga Fleming, kamar yadda aka yi a 1969 da 1981 da 1987 da 2006. Iyalan Broccoli ne suka riƙa yanke wannan shawara fiye da shekara sittin. A 2022 Amazon ya kammala sayen MGM a kan kimanin dala biliyan 8.5, a watan Fabrairu 2025 kuma Barbara Broccoli da Wilson suka miƙa masa ikon tsara fina-finan. A watan Yuni na shekarar aka sanar da Denis Villeneuve a matsayin daraktan fim na 26, na farko da za a yi ba ɗan gidan Broccoli ke riƙe da ragama ba.