Ranar da Babana Ya Ce "Wannan Ba Bongos Ba Ne"

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta bari su saurara.

Yau tarihin wani mawaƙi za mu taɓa, da faifan da ya fitar yana da shekara 70, da gardamar da faifan ya tayar a tsakar gidanmu a nan unguwar Television, Kaduna. Na san da yawanku in na ce Bongos Ikwue za ku ce wane ne kuma wannan? To ku je ku tambayi Baba ko Mama. In dai sun yi samartaka ko 'yan matanci a Kaduna, Jos ko Zariya tsakanin 1975 da 1985, ku lura da fuskarsu in kun ambaci sunan.

Bari mu fara da mutumin kansa.

An haifi Bongos Ikwue a 1942 a Otukpo, ƙasar Idoma, cikin jihar Binuwai ta yanzu. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a nan kusa da mu ya goge a harkar kiɗa. Ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a can ne kuma ya kafa ƙungiyar kiɗa mai suna UniBello Brothers. A 1972 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin faifai na EMI, daga baya aka san shi da ƙungiyarsa ta Groovies. Lokacin Fela na ta ruruta wuta a Legas, juju da hailaif na cin kasuwa a kudu, shi kuwa Bongos ya zo da jita da murya mai sanyi. Kiɗansa na da ɗanɗanon na Amurkawa, wato sol da kantiri da ɗan rok, amma ƙashin bayansa na gida ne, yana rerawa da Turanci da Idoma. Waƙarsa "Still Searching" ta zama ta kowa a ƙarshen shekarun 1970.

Sai 1980 ta zo. Gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya fara nuna wasan kwaikwayon "Cock Crow at Dawn", wanda aka ɗauka a yankin Jos ƙarƙashin jagorancin Peter Igho, don jawo hankalin mutane su koma gona. Labarin wani magidanci ne, Bello, da ya baro birni da iyalinsa ya rungumi noma. Bongos ne ya rera waƙar buɗe shirin. Ku duba wani abu a nan: George Menta ne ya fito a matsayin Bello, Sadiq Daba kuma ya fito a matsayin Bitrus. George ya zama Bello, Sadiq ya zama Bitrus, marigayi Kasimu Yero yana Kawu Gaga, ɗan Idoma na rera waƙa, ƙasa gaba ɗaya na kallo. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Su waye masu sauraronsa a nan Kaduna? Ma'aikata ne. Kudancin kogin nan da kuke gani, a da shi ne cikin injin Arewa. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai ta zo a 1980. Aiki ya kwaso mutane daga ko'ina: Idoma, Tibi, Bajju, Atyap, Nufawa, Hausawa, Yarabawa, Ibo, suka sauka a ƙasar Gbagyi. Kakuri, Nasarawa, Makera, Television, duk gidajen haya ne ɗaki-ɗaki, bayi ɗaya, rijiya ɗaya, Hausa ce harshen tsakar gida. In wata ya ƙare aka biya albashi, saurayi zai sayi faifai ko kaset, ranar hutu a fito da rediyo ƙofar gida. Babana yana cikin waɗannan samarin. Ya sha ba ni labari cewa su uku suke ɗaki ɗaya, kuɗi suka haɗa suka sayi faifan "Still Searching", suka yi ta juya shi har allura ta cinye shi.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, satar fasaha ta cika kasuwa da kaset na jabu, manyan kamfanonin faifai na waje suka tattara nasu ya nasu. Bongos ya ja baya daga dandali, ya koma harkokin kasuwanci, aka daɗe ba a ji sabon abu daga gare shi ba. Masaƙu ma suka bi sahu: KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne na shekarar 2000. Rikicin da ya ɓarke kan batun shari'a ya ci rayuka aƙalla 2,000 a ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. A Nuwamban 2002 aka sake yin wani kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, mutum kusan 250 suka mutu. A Afrilun 2011 kuma na bayan zaɓe. Kowane rikici sai ya sa mutane su kwashe kaya, Musulmi su yi arewacin kogi, Kirista su yo kudu, har aka fara kiran ɓangare ɗaya Makka, ɗayan Kudus. Mu da muka tashi bayan 2000, a haka muka sami garin, mun ɗauka ma haka Allah ya halicce shi. Cikin abokan ɗakin Babana su uku, ɗaya ya haye gada a waccan shekarar da matarsa da 'ya'yansa, bai sake kwana a wannan ɓangaren ba.

To a irin wannan ƙasar Bongos ya dawo. A 2010 aka fitar da fim ɗin "Inale", wanda Jeta Amata ya ba da umarni, 'yar Bongos ɗin, Keke, ta shirya, aka gina shi kan tatsuniyar Idoma da waƙoƙinsa. Fim ɗin ya ci kyautar AMAA ta 2011 a ɓangaren kiɗan fim. Sai a 2013 ya fito da cikakken faifai, "Wulu Wulu", tare da sabuwar ƙungiya mai suna Double X.

Lokacin ina sakandare. Mu abin da ke cikin memorinmu Wizkid ne da Ice Prince da Davido, sai Ali Jita da Nazifi Asnanic in an je biki. Wata Lahadi da yamma abokin Babana, na biyun cikin su ukun nan, ɗan Idoma ne, Kawu muke ce masa, ya shigo gidanmu da faifan a hannu kamar wanda ya tsinci zinare. Aka fito da kujeru, maƙwabta biyu-uku suka zo, aka ce ni in kunna tunda ni ne "injiniyan" gida.

Waƙa ta farko ba ta ƙare ba Baba ya girgiza kai ya ce, "Kai, wannan ba Bongos ba ne."

Kawu ya ce, "Haba ɗan uwa, to wane ne?"

Baba ya ce muryar ta yi nauyi, kayan kiɗan sun yi yawa, sautin ya yi tas da yawa kamar an wanke shi da sabulu. Shi Bongos ɗin da ya sani, mutum ne da jitarsa, kana ji kamar a gefen gadonka yake zaune. Kawu kuwa ya ce ai yanzu ne ma Bongos ya zama Bongos. A da kamfani ne ke faɗa masa abin da kasuwa ke so, yanzu ya tsufa, ba ya neman yardar kowa, ya ƙara kusantar kiɗan gida, ga Idoma nan yana zuba. Wani maƙwabcinmu ya ce shi dai tsoho ya kamata ya san lokacin sauka, ya bar mutane da abin da suka sani. Mama daga bakin murhu ta ce, "Ku da kuke maganar murya, ku ma ku tashi ku yi rawar da kuke yi a da mana mu gani." Aka fashe da dariya. Ni kuwa a raina cewa nake, wai duk wannan hayaniyar a kan wannan tsohon ne?

Da na girma na ɗan karanta tarihin mawaƙa, sai na ga gardamar gidanmu ba sabuwa ba ce. Duk inda tsohon mawaƙi ya fito da sabon aiki, masoyansa kashi uku suke rabuwa: masu cewa ba shi ba ne, masu cewa yanzu ya nuna, da yara masu cewa wane ne shi. A shekarar 2013 ɗin nan dai, David Bowie na Ingila ya fitar da "The Next Day" bayan shekara goma bai fitar da faifai ba, duniya ta ɗauka. A Amurka, Johnny Cash ya kai matsayin da kamfanoni suka juya masa baya, sai a 1994 Rick Rubin, mutumin da ya yi suna a harkar rap da rok, ya zaunar da shi da jitarsa kawai suka naɗi "American Recordings". Faifan ya ci kyautar Grammy, matasan da ba a haifa ba lokacin tashensa suka zama masoyansa. Bambancin shi ne, can akwai wanda ya tsaya ya haɗa tsoho da yaro: gidajen rediyo, 'yan jarida, kamfanoni, ma'ajiyar tsofaffin faifai. Mu nan kashi na ukun, wato mu yara, babu wanda ya kamo hannunmu.

Mu koma tsakar gida. Ana cikin gardama sai wata waƙa ta shigo, sunanta "Mustapha and Christopher". Sunan kaɗai ya isa ya faɗa muku inda ta dosa: Musulmi da Kirista, 'yan ƙasa ɗaya, da abin da rikicin addini ya yi musu. Wallahi ban taɓa jin gidanmu ya yi tsit irin na ranar ba. Kawu ya sunkuyar da kai. Baba ya kalli ƙofa. Da ta ƙare ya ce mini, "Maido ta." Na maido. Bai sake cewa ba Bongos ba ne, bai kuma ce shi ne ba.

Shekaru na yi kafin na gane abin da ya faru. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Baba ba muryar 1978 kawai yake nema a faifan nan ba. Yana neman ɗakin nan na mutum uku, da ƙarar jiniyar masaƙa, da garin da George zai zama Bello, Sadiq ya zama Bitrus, babu wanda ya ɗaga gira. Babu mawaƙin da zai iya maido masa da wannan. Abin da Bongos ya iya yi shi ne ya tsufa tare da masu sauraronsa, ya faɗa musu gaskiyar inda suka tsinci kansu. Da ya dawo yana kwaikwayon kansa na shekara 35, da ya yi musu daɗin baki. Sai ya zaɓi ya taɓa gyambon. Ni a ganina wannan ne amfanin faifan tsufa, kuma shi ya sa yakan yi wa masoya ɗaci a kurɓar farko.

Bayan kamar mako biyu Baba ya ba ni 'yan canji ya ce in je wajen masu tura waƙa a bakin gareji, a sa masa waƙar nan a memori guda biyu. Ɗaya ya sa a wayarsa. Ɗayan ya naɗe a takarda, ya ba wani direba da ke haye gada kullum, ya ce ya kai wa na ukunsu. Da daddare wayarsa ta yi ƙara. Ya fita waje, ya fi awa ɗaya yana magana, muna jiyo dariyarsa daga ɗaki. Ba zan ce muku waƙa ta gyara Kaduna ba, har gobe kowa na ɓangarensa. Amma tun daga lokacin, duk Sallah nama na zuwa gidanmu, duk Kirsimeti shinkafa na haye gada.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, matasa. Bala Miller, wanda ya yi hailaif da Hausa a garin nan tare da ƙungiyarsa ta Pirameeds, ya rasu a 2003. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, Kasimu Yero a 2017, Sadiq Daba a 2021. Duk lokacin da ɗayansu ya tafi sai mu cika Facebook da hotuna da "Allah ya jiƙan gwarzo". Amma mu nawa ne muka saurari abin da suka yi a ƙarshen rayuwarsu, lokacin da suke da buƙatar kunne? Muna yawan cewa an raba mana gari, muna taron zaman lafiya a otal ana raba ruwan roba, alhali shaidar cewa garin ya taɓa zama ɗaya tana cikin kwali a ƙarƙashin gadon iyayenmu, ƙura na cin ta.

Don haka aikin gida na wannan makon mai sauƙi ne. Ka je wajen Baba, ki je wajen Mama ko Goggo, ku tambaye su waƙar da suka fi so suna da shekarunku. Ku nemo ta, ku zauna ku saurara tare. Sannan ku yi tambaya ta biyu, wadda ta fi muhimmanci: da wa kuke jin ta a lokacin, kuma yanzu yana ina? In akwai tsohon kaset ko faifai a gida, kada a zubar, a nemi mai mayar da shi cikin waya. In kuma mawaƙin ya fitar da wani abu da tsufansa, ku ba shi kunne sau biyu kafin ku yanke hukunci. Babana ma sai da aka maido masa.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya yi aikin gidan, ya zo mana da abin da ya samo, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Allah ya zaunar mana da Kaduna lafiya, ya ja kwanan iyayenmu. Sai mun sake haɗuwa.