TARIHIN "LAND OF THE LOST": IYALIN DA SUKA ƁACE A ƘASAR DODANNI

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya mu leƙa Amurka, mu ji tarihin wani shirin talabijin na yara.

Ranar 7 ga Satumba 1974 tashar NBC ta fara nuna "Land of the Lost", wato ƙasar ɓatattu, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Sid da Marty Krofft, suka shirya. Labarin wani magidanci ne, Rick Marshall, da 'ya'yansa Will da Holly. Suna cikin kwale-kwale aka yi girgizar ƙasa, ruwa ya kwashe su ya watsa su wata duniya da ke cike da dainoso, manyan dabbobin nan na zamanin da, irin waɗanda ake tono ƙasusuwansu a Gadufawa cikin hamadar Nijar. Kogo ya zama gidansu, kullum tunaninsu yadda za su koma gida.

Kuɗin shirin ba su taka kara sun karya ba. Dodannin 'yan mutum-mutumi ne, ana motsa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto, sannan a haɗa da hoton 'yan wasa. To amma wajen labari ba a yi rowa ba. David Gerrold, mai kula da rubutun zangon farko, ya gayyato gwanayen marubuta ƙagaggun labaran kimiyya irin su Larry Niven da Ben Bova da D.C. Fontana. Har wata malamar harsuna ta jami'ar UCLA, Victoria Fromkin, wadda ta yi bincike kan harshen Akan na Ghana, aka ɗauko ta ƙirƙiro wa Pakuni harshensu, wasu halittu masu kama da birai. Duk don yara fa!

Ku ji wani abin al'ajabi a labarin. Akwai Sleestak, mugayen halittu masu siffar ƙadangaru. Sai ga wani mai suna Enik, jinsinsu ɗaya amma shi mai ilimi ne. A zatonsa waɗannan kakanninsa ne na zamanin jahiliyya. Ashe jikokin al'ummarsa ne, fushi da ƙiyayya suka rusa musu wayewa har suka koma haka. Wannan darasi ko babba ya ji sai jikinsa ya yi sanyi.

Bayan zango na biyu sai rigima ta kunno kai. Spencer Milligan, mai fitowa a uban yaran, ya ga ana sayar da kayayyaki ɗauke da fuskarsa, ya nemi kasonsa, ba a daidaita ba, ya yi tafiyarsa. Aka kawo Ron Harper a matsayin baffan yaran, Jack. A ƙarshen 1976 shirin ya tsaya da kashi 43, ba tare da an nuna yaran sun koma gida ba.

An sake gwadawa. A 1991 tashar ABC ta dawo da shi da sabon iyali, Porter, aka yi kashi 26. A 2009 aka yi fim da ɗan barkwanci Will Ferrell, aka kashe kusan dala miliyan 100, aka mayar da labarin abin dariya da zantukan manya. Ko uwar kuɗin bai mayar ba a sinima.

Abin lura gare mu marubuta shi ne, na 1974 da aka yi da ƙaramin jari shi ake tunawa, domin bai raina hankalin yaro ba. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo mun san yaro na iya ɗaukar labari mai tsoro da hikima. Littattafai nawa muka rubuta wa ƙannenmu da 'ya'yanmu? Kowa ya duba kantar littattafan unguwarsu ya ba kansa amsa.