Asalin Kalmar Shawara

Kalmar shawara aro ce daga Larabci, kuma tushenta ɗaya da shura, wato tuntuɓar juna kafin zartar da al'amari, sunan da sura ta 42 a Alƙur'ani take ɗauke da shi. Da ta zauna a bakin Bahaushe sai ma'anarta ta faɗaɗa, har ya zama aikatau ɗin da ya rako ta shi ke fayyace nufinta: wanda ya ba da shawara ra'ayi ya miƙa, waɗanda suka yi shawara tattaunawa suka yi, amma wanda ya yanke shawara ya riga ya rufe magana.

Wannan bambanci ya fi fitowa a taron ƙungiyar unguwa, inda magidanta kan zauna a ƙofar gidan mai unguwa kan batun yashe magudanar ruwa kafin damina ko kuɗin 'yan sintiri. Idan shugabanni suka ƙayyade abin da kowane gida zai biya, sannan suka kira taro da sunan neman shawara, mazauna sukan gane cewa sanarwa aka zo yi musu, kuma a nan karo-karon yake fara tsinkewa.