Dashen Zuciya: Aikin da Ya Fi Ƙarfin Likita Ɗaya

Tsoffin hannu a ɗakin tiyatar zuciya sun san cewa ɗinke sabuwar zuciya a ƙirji ba shi ne tashin hankali ba. Fargabar tana farawa ne bayan an rufe ƙirjin.

Ranar 3 ga Disamba 1967, a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, Christiaan Barnard ya ɗauki zuciyar wata matashiya da mota ta kaɗe ya dasa wa Louis Washkansky. Duniya ta ɗauka. Kwana 18 bawan Allah ya yi, ciwon huhu ya tafi da shi, domin magungunan da aka ɗura masa don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar zuciya sun karya masa garkuwa. Amma wa ya tsaya jin wannan? A 1968 kaɗai an yi dashe kusan 100 a faɗin duniya, kowa na neman suna, akasarin marasa lafiyan kuwa ba su cika shekara ba. Kafin 1971 yawancin asibitoci sun ajiye wuƙa.

Norman Shumway na jami'ar Stanford a Amurka bai ajiye tasa ba. Shi da Richard Lower ne suka goge da wannan ɗinki a jikin karnuka tun ƙarshen shekarun 1950, sai ga shi wani ya riga su shiga jarida. Abin da ya tayar da aikin kuwa, ba daga hannun Shumway shi kaɗai ya fito ba. Philip Caves ya ƙera wata siririyar waya mai baki kamar hantsaki, a zura ta jijiyar wuya har cikin zuciya, a tsinko tsoka da ba ta fi ƙwayar gero ba. Margaret Billingham kuma ta zauna gaban madubin likita tana karanta waɗannan 'yan tsokoki, har ta fitar da ma'aunin da ke nuna jiki ya fara faɗa da zuciyar tun mara lafiya bai ji komai ba. A da, kusan laluben duhu ake yi. Sunanta ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi.

Sai maganin cyclosporine mai hana jiki ƙin baƙuwar zuciya, wanda kamfanin Sandoz ya samo daga wani naman gwari a ƙasar da aka ɗebo a Norway. Stanford ta fara ba masu dashen zuciya shi a 1980, Amurka ta amince da shi a 1983. A Ingila, Terence English a Papworth da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar, a Harefield sun riga sun farfaɗo da aikin.

Yau dashe ɗaya kan haɗa asibitoci biyu. Zuciyar da aka sa a ƙanƙara ba a son ta wuce kamar awa 4 a waje, don haka tawaga ɗaya na can tana cirewa, ɗayar na nan ta shirya mara lafiya. Tsakaninsu akwai jami'in da ba ya taɓa wuƙa, waya ce a kunnensa, shi ke sanar da likita cewa jirgin da ya ɗauko zuciyar ya sauka.